Ina Ƙwari Su Ke Yin Rani?

Zuwa ga dagatai, da masu unguwa, da sarakunan noma, da dukan manoman Babban Mutum da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin ƙasar Baure. 

Akwai wata tambaya da ya kamata ko wane mai gona ya yi wa kansa da rani, sa'ad da hannu ya huta da fartanya. Tsutsar nan da ta ci mana gero bara, da ɗangon da ya aske shuka har aka sake wata, ina su ke yanzu? Ga gonaki fayau, ba ɗanyen haki ko ɗaya, rairayi ya yi zafi har ba ya takuwa sai da takalmi, wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa. Duk da haka ruwa na sauka sai ga su, kamar an kai musu goron gayyata. Waɗansu su kan ce da ruwan su ke faɗowa, waɗansu kuwa su ce karan ne da kansa ya ke haifarsu. Ko ɗaya ba haka ba ne. Suna nan tare da mu, cikin dangar gidajenmu da ƙarƙashin gonakinmu, suna barci. Abin da na ke so in nuna muku shi ne, mun saba barin yaƙin sai abokin gaba ya farka ya yi ɗamara, alhali kuwa fiye da rabin shekara yana kwance inda hannu zai kai gare shi.

Kada ku karɓi maganata sai kun gwada. Ku zaro kara ashirin daga dangar da aka yi da karan geron bara, ku zaɓi masu 'yan huji a jiki, ku tsaga su da wuƙa daga gindi har sama. Za ku ga rami a ciki cike da wani gari kamar dussa, a ƙarshen ramin kuma ga wata farar tsutsa wadda ba ta kai inci guda ba, tana kwance. In kun taɓa ta za ta motsa. Da damina jikinta yana da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, amma in za ta shiga barcin rani sai ta zubar da su ta koma fara. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta girma, tun daga kaka har bazara.

A ƙasashen sanyi irin su Ingila ma ƙwari suna da wannan hali, sai dai can sanyi ne ya ke kwantar da su, ɗumi da tsawon yini kuma su ke tashe su. Masanansu su kan auna zafin ko wace rana su riƙa tarawa, har su iya cewa ran kaza ƙwaro kaza zai fito ya yi ƙwai, sa'an nan su sanar da masu lambu. Mu nan fari ne ya ke kwantar da namu, ruwa ya ke tashe su. Saboda haka lissafinmu ya fi nasu sauƙi nesa ba kusa ba, gama rana guda ce tak mu ke bukatar riƙewa, watau ranar da ruwan shuka ya sauka. Daga wannan rana ko wane ƙwaro ya ke fara ƙidayar kwanakinsa, kuma ba ya kuskure.

Ita tsutsar kara, an daɗe da bin diddiginta. Wani Bature mai binciken ƙwari, K. M. Harris, ya yi aikinta a Samaru ta Zariya, ya buga abin da ya gano a 1962, daga baya kuma masanan tashar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka ɗora. In laima ta shiga karan bayan ruwan farko, sai tsutsar ta farka, ta ƙulle kanta cikin wani ɗan ɓawo, ta rikiɗa, ta fito da fiffike. Ita ce ɗaya daga cikin faɗa-wutan nan da ku ke gani suna kewaya fitila kamar wata guda bayan saukar ruwa. A daidai lokacin nan gero ya yi tsawon da ta ke so. Macen ta kan yi ƙwai wajen 200, tana jera su tsakanin kuben ganye da jikin kara, inda ido ba ya gani, ruwa kuma ba ya wankewa. Kwana goma ko ƙasa da haka sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan su huda karan su shige. Shi ne ku ke ganin ganyen tsakiya ya bushe alhali na gefe suna ɗanye, in an ja shi ya zaro ba wuya. Kafin wata biyu waɗannan 'ya'ya su ma sun yi fiffike sun yi nasu ƙwan, har a sami zuriya biyu ko uku cikin damina guda. Ta ƙarshe ita ce ta ke kwanciya cikin karan da mu ke ɗaukowa.

To, ku duba abin da mu ke yi da hannunmu. Mun gama girbi, mu sare kara, mu ɗaure, mu kawo gida. Da shi mu ke yin danga da rumfa, da shi mu ke rufin ɗaki, sauran mu jingine shi tsaye a gindin itace, ko mu ɗora shi bisa reshe don dabbobi. Tsutsar da ke ciki ta sami inuwa, ta tsira daga zafin rana da tsuntsu da tururuwa, mun yi mata masauki mun kuma tsare ta. Shi ya sa gonakin bayan gari, waɗanda suka fi samun taki, waɗanda kuma mai gida ya fi dogara gare su, su ne su ka fi shan ɓarnar tsutsa. Masu bincike sun auna wannan a ƙauyukan Nijar, sun tarar ɓarna ta fi yawa kusa da danga da rumbuna. Ku ma in kun tuna gonakin da ke jikin garinku za ku shaida.

An daɗe ana ba manoma wata shawara a takardu irin wannan, cewa a tara kara duka a ƙone. Ni ban yarda da ita ba, kuma ban ga laifin manomin da ya ji ta ya yi shiru ya ci gaba da abinsa ba. Wanda ya ce a ƙone kara a ƙasar Daura bai taɓa neman abin da zai ba saniya cikin watan Afrilu ba. Kara abincin dabba ne, makamashin tuwo ne, katangar talaka ce, kuɗi ne a kasuwa. Har wa yau ƙasarmu jigawa ce, in an tsiraita ta iskar bazara ta kwashe kanta, sa'an nan in an yi shuka rairayi ya taso ya yanke ta ko ya binne ta. A kashe tsutsa a kashe gona tare, wannan gyaran gangar auzinawa ne. Shawarar da ba a iya bi ba ta da amfani, har ma tana jawo a raina mai ba da ita ran da ya zo da ta ƙwarai.

Abin da na ke roƙo ya fi wannan sauƙi. Karan da za a bari a gona, kada a bar shi tsaye. A sare shi da wuri, da zarar an kwashe amfani, a sare ƙasa-ƙasa don kada a bar doguwar tushiya, gama a can gindi tsutsa ta fi son maƙalewa. A shimfiɗa shi kwance, a baje, ba tsibi ba. Karan da ke kwance bisa rairayi yana ɗaukar zafin da na tsaye ba ya ɗauka, tsutsa ta bushe a ciki, wadda ta saura kuma tururuwa da gara su same ta. Ga riba ta biyu, karan ya tare ƙasa daga iska, ya kama ƙurar hunturu, gara ta mai da shi taki. Wanda za a yi danga ko rufi da shi kuwa, a babbaka shi tun da sauran ɗanyantaka a jikinsa, wuta ta lashe ganyen kaɗai a kashe ta. Malamai biyu na Samaru, Adesiyun da Ajayi, sun gwada wannan bisa karan dawa, wadda ita ma tana da tata tsutsar mai irin wannan barci, suka ba da labari a 1980 cewa fiye da kashi tara cikin goma sun mutu, karan kuma bai lalace ba. Karan gero ya fi sirantaka, sai a yi shi da hankali, da sassafe kafin iska ta tashi, nesa da rumbu. Na dabbobi kuma a lissafa shi yadda zai ƙare kafin ruwa ya sauka. Tsohuwar danga da ta riga ta ruɓe, in dai za a sake ta, a ba mata su hura wuta da ita tun cikin watan Afrilu. Mutanen da sun ce watan bakwai maƙarar rani. To, a mai da shi maƙarar tsohon kara.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, ni na shimfiɗa karana a gona, kafin mako ya kewayo wani ya kwashe, ko shanu sun bi ta kai. Wani kuma ya ce, ni na babbaka nawa, maƙwabcina bai yi ba, faɗa-wuta kuwa ba ta san iyakar gona ba. Duka biyu gaskiya ne, kuma a nan ne magana ta dawo gare ku dagatai, ranku ya daɗe. Wannan aiki irin na gayya ne, mutum guda ba ya yinsa ya ga amfani. In shanu sun ci karan a gona ba asara ba ce, sun ci tsutsar sun bar kashi. Amma hana kwasar karan wani, da sa ranar da ko wane gida zai gama da tsohon karansa, wannan sai mai gari. Ku ne ku ke sa ranar da za a saki dabbobi bayan girbi, jama'a kuma suna bi. Wanda ya iya sa waccan rana zai iya sa wannan.

Sai fara. Ba ina nufin farar nan mai tahowa daga hamada ta rufe rana ba, irin wadda ta auka wa Muritaniya da Mali da Nijar a 2004. Waccan baƙuwa ce, sha'aninta na gwamnatoci ne da jiragen sama. Ina nufin tamu ta gida, 'yar madaidaiciya mai ratsi a fiffike, wadda ta yi mummunar ɓarna a ƙasashen nan namu a 1974 da 1986. Ita a ƙwai ta ke yin rani. Da kaka, sa'ad da iska ta juya ta fara busowa daga arewa, sai su gangaro daga wajen Damagaram da Damargu, su faɗa wa geron da bai ƙosa ba, matan kuma su soka gindinsu cikin rairayi, a saura da gefen gona da burtali, su zuba ƙwai kamar talatin a rami guda, su toshe bakin da wani kumfa. Ƙwan nan ba ya ƙyanƙyashewa da yayyafi. Sai an yi ruwa wajen inci guda, watau milimita 25, wanda shi ne dai ruwan da ke fid da mu shuka. Kwana goma zuwa mako biyu bayansa ɗango ya fito, a daidai ranakun da gero ya tsiro ya yi ganye biyu ko uku. Wani abin mamaki kuma, ba duka su ke fitowa lokaci guda ba. Waɗansu su kan jira ruwa na biyu ko na uku, waɗansu har su tsallake shekara. Don haka in ruwan farko ya yaudare su, fari ya biyo baya ya kashe na fari, akwai na baya.

Tonon ƙwan fara aiki ne mai yawa, ribarsa kaɗan, ban ce kowa ya ɓata raninsa a kai ba. Abin da ya fi shi ne a lura tun da kaka inda su ka yi dandazo suna ƙwai, a riƙe wurin. Kwana goma bayan ruwan shuka a tura yara su duba. Ɗango ba shi da fiffike sai bayan mako uku ko huɗu, yana tare wuri guda, bai riga ya bazu cikin gonaki ba. Nan ne magani kaɗan ya ke yin aikin mai yawa, nan ne kuma kaji da zabi su ke yin nasu. Ku kuma bar shamuwa ta yi sheƙarta lafiya bisa itatuwan gari. Ba banza ta ke riga ruwa isowa ba, tana auna ƙyanƙyasarta ne da fitowar fara, da ita ta ke ciyar da 'ya'yanta. Ita ma lissafin nan ta ke yi. (Inda aka yi feshi kuwa, a hana mata da yara kamun fara don suya, gama guba tana nan a jikinta.)

Ta uku ita ce ta fi wuyar sha'ani, watau tsutsar zangarniya, wadda 'yan'uwanmu na hayin iyaka su ke kira murzuna. Ita ce mai bin kan gero tana yi masa zane a murɗe kamar an naɗa igiya, in an girgiza sai ƙaiƙayi ya zubo ba tsaba. Kakanninmu ba su san ta da wannan ƙarfi ba, bayan farin 1972 zuwa 1974 ne ta zama annoba. Sau ɗaya ta ke haihuwa a shekara. In ta ƙoshi sai ta sauko ta nutse cikin ƙasa 'yan inci kaɗan, ta ƙulle kanta cikin ɓawo, ta yi wata tara ko goma a nan. Ruwan farko ya taɓa ta, amma ba ta yin gaggawa irin ta ɗango. Sai bayan wata guda ko fiye su ke fara fitowa, su yi ta fitowa har makonni, don su riski gero yana fid da kai. Macen sabon kai ta ke nema, wanda bai gama bununi ba, a nan ta ke zuba ƙwai, kwana uku zuwa biyar sun ƙyanƙyashe. Saboda haka gero mai saurin nuna, da gonar da ta riga ta kowa fid da kai, su ne su ke karɓar baƙin duka. Maiwa ta kan tsira, gama kafin ta fid da kai sun gama tashi.

Kada wani ya ji wannan ya ce to, sai in jinkirta shuka. Wanda ya jinkirta ya kauce wa murzuna ya faɗa hannun tsutsar kara, gama zuriyarta ta biyu ta fi ta farko yawa, kuma shukar baya ta fi so. Ga shi daminarmu ba ta cika wata huɗu ba, ba ta da kwanakin bayarwa aro. Mafita ita ce gari ya yi shuka tare, da ruwa guda, da iri mai kwanaki kusa da juna, don in baƙin sun zo su tarar da gonaki dubu sun fid da kai rana ɗaya, ɓarnar ta rabu. Wanda ke da garmar shanu kuma, in ƙasa tana da sauran laima bayan girbi, kaftu yana tono waɗanda su ka nutse ya bar wa rana da tsuntsaye, sai dai a jigawa mai tashi a bi shi da shimfiɗar kara.

Feshi bisa murzuna kuwa, yawancinsa zubar da kuɗi ne. Ran da manomi ya ga zanen a kan gero ya ruga kasuwa sayen magani, tsutsar ta riga ta shige ƙarƙashin tsaba, ta kuma ci rabin abin da za ta ci. Abin da maganin zai samu a fili shi ne mai taimakonmu. Kun san zanzaro, yadda ya ke sumar da tsutsa ya kai ɗakinsa na laka don 'ya'yansa su ci. To, akwai wani ɗan'uwansa ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ke harbin murzuna ya yi ƙwai a jikinta. Shi kullum a makare ya ke yawaita, sai ɓarna ta gama. Masanan INRAN na Maraɗi su ka ga in an kiwata shi da rani aka sake shi da wuri zai riga ta. Tun daga 2006 a ke kai shi ƙauyukan Nijar cikin 'yan jakunkunan algarara, wajen goma sha biyar ga ko wane gari, a rataye su lokacin da gero ya fara fid da kai, a wurare da yawa kuma ya kashe mafi yawan tsutsar. Maraɗi ba nisa gare ta ba, Magarya kuwa ga ta nan a ƙofarmu. Ya kamata hakimai su tambayi malaman gona na KTARDA yaushe wannan abu zai ƙetaro, gama tsutsar ita ba ta tsaya a shingen kwastan ba. Amma shi ma duk amfaninsa yana ga rana. In an rataya jakar bayan tsutsa ta sauka ƙasa, an yi aikin banza.

Saboda haka ga abin da na ke roƙon ko wane dagaci. Ya sa malaminsa ya buɗe littafi guda, ya rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka a ko wace unguwa, gama ya kan sauka a gabashin gari ya bar yamma. A ƙarƙashinta ya rubuta ranar da aka fara ganin ɗango da wurin da aka gan shi, da ranar da faɗa-wuta ta yawaita a fitila, da ranar da geron farko ya fid da kai, da gonakin da su ka fi shan ɓarna. Misali, in ruwa ya sauka ran 10 ga Yuni, daga ran 20 ido yana kan saura da burtali, wajen 10 ga Yuli kuma a fara duba gonakin bayan gari ana cire geron da zuciyarsa ta bushe, a ba dabbobi tun tsutsar tana ciki. Shekara uku ko huɗu ana wannan rubutu, garin zai sami lissafin kansa wanda ya fi na Samaru da na Sadore dacewa da ƙasarsa, malamin gona kuma in ya zo zai tarar da abin da zai kai gaba a rubuce. Wanda ya fara ganin ɗango ya gaya wa mai unguwa a ranar, mai unguwa kuma ya aika wa dagaci kafin la'asar, kada a jira ran kasuwa.